Kemistiri Ba Ya Son Haddar Dare Ɗaya

Ɗalibai masu shirin jarrabawar ƙarshe ta Kemistiri, kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne tara karatu sai daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Darussan nan a sarƙe suke da juna: wanda bai gane lissafin mol ba, zai sha wuya a tambayoyin asid da na gas.

Da farko, ku fara tun da sauran makonni, ku ware awa ɗaya ko biyu kullum, kuna soma wa da babin da ya fi ba ku wahala.

Na biyu, ku riƙe biro. Kallon amsar malami ba iyawa ba ne. Ku rufe littafi, ku daidaita 2H₂ + O₂ → 2H₂O da kanku, ku gano dalilin da ya sa mol ɗaya na ruwa yake giram 18. Kada ku bar lamba babu ma'auninta, nan maki yake zubewa.

Na uku, kada ku ce sai kun haddace sinadarai 118 na jadawali. Ku fahimci rukuni-rukuni: sodiyam da fotasiyam layinsu ɗaya, shi ya sa halinsu ya yi kama.

Na huɗu, ku nemo tambayoyin shekarun baya, ku amsa su da agogo a gabanku. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malami tun da wuri.

Daren jarrabawa kuwa, ku yi barci sosai. Allah ya ba da sa'a.