Awon Ƙasa da Hoto

Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon hagu ka dubi yatsan, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga kamar yatsan ya gusa, alhali bai motsa ba. Kowane ido daga wurinsa yake kallo, kuma da wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa take gane nisan abu. A kan wannan hikima aka gina ilimin fotogirametiri, wato awon ƙasa da hoto.

Ɗauki birnin Bauchi misali. Malam Yakubu ya kewaye shi da ganuwa, amma tun da ya zama babban birnin jiha a 1976, gidaje suka tsallake Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, suka miƙa har Yelwa da Gwallameji. A da, ma'aikatan safiyo sukan bi fili da ƙafa, suna jan sarƙar awo cikin rana. Kafin su gama zana wata unguwa, wata sabuwa ta tsiro.

A yau ana tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara. Yakan yi ta kai da komo a sama, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna. Kowane hoto yakan maimaita kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi, ko fiye, domin kowane gida ya fito aƙalla sau biyu, daga wurare daban. Ka ga idanu biyun nan sun dawo. Kwamfuta takan gwada hotunan, ta lissafa matsayin kowane abu da tsawonsa.

Sai dai kada ka ɗauka hoto taswira ne. A hoton sama, dogon gini yakan bayyana a karkace, kan dutsen Warinje kuma ya fi gindinsa kusa da kyamara. Don haka ake shimfiɗa alamomi a ƙasa, a auna su da na'urar GPS, kwamfuta ta daidaita hotunan da su. Daga nan ne za a san tudu da kwari, a gane inda ruwan damina zai bi kafin a haƙa magudana ko a yanka filaye. Ana koyar da wannan sana'a a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kyamara ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin darbejiya, hazon hunturu ma yakan dusashe hoto. Kuma ko ta nuna katanga, ba ta san mai gidan ba. Wannan sai an sauka an tambayi mai unguwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kowane hoto yake maimaita sashen wanda ya gabace shi?
2. Mene ne amfanin alamomin da ake shimfiɗawa a ƙasa?
3. Zana taswirar hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta.