Layukan Gilashin Bayan Mota: Ado ko Kimiyya?

Duk wanda ya shiga motar haya da asuba a tashar Daura, a lokacin hunturu ko a tsakiyar damina, zai lura da wani abu. Da zarar fasinjoji sun cika an rufe tagogi saboda sanyi ko ruwan sama, sai gilashin motar ya dushe. Kafin a kai Sandamu ko Mai'aduwa, direba ya shiga goge shi da tsumma, hannu ɗaya a kan sitiyari. Wannan hali yakan jawo haɗari, musamman idan hazo ya riga ya rage gani.

Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

Zafin jikin ɗan Adam yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Iskar da huhu yake fitarwa tana da ɗumi, kuma cike take da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi. Saboda haka, idan numfashin fasinjoji ya taɓa gilashi mai sanyi, sai tururin ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Ta wannan hanya ce raɓa take kwanciya a kan ganyen gero da safe.

Maganin da Masana Suka Samo

A ƙasashe irin su Jamus da Kanada, zafin iska yakan sauka ƙasa da digiri 0, inda ruwa yake daskarewa, har ƙanƙara ta rufe gilashi. Wannan ya sa masu ƙera motoci suka nemi hanyar ɗumama shi. Sun dogara ne ga binciken James Joule, masani ɗan Ingila, wanda a wajajen 1840 ya nuna cewa lantarki yana haifar da zafi idan ya ratsa wayar da take yi masa turjiya. Da wannan ƙa'ida dutsen guga na lantarki yake aiki.

Siraran layukan da suke kwance a gilashin bayan motocin da ake shigowa da su daga Turai, wayoyi ne da aka yi da hoɗar azurfa, aka gasa su a jikin gilashin. Idan direba ya danna maɓalli, lantarkin motar mai ƙarfin bolt 12 zai bi ta cikinsu, su yi ɗumi, su narkar da ƙanƙara ko su busar da raɓa cikin 'yan mintoci. A 1985 kamfanin Ford ya fito da gilashin gaba mai irin wannan aiki, da wayoyi sirara ƙwarai don kada su tare wa direba gani.

Abin Lura

Ƙanƙara ba ta daskarewa a gilashi a ƙasar Daura, amma na'urar tana da amfani wajen kawar da raɓa. Kankare takardar da aka manna a gilashin da reza yakan tsinke layi, kuma layin da ya tsinke ya daina aiki. Ga gilashin gaba kuwa, buɗe taga kaɗan ko kunna na'urar sanyaya mota ya fi tsumma, domin ƙurar hunturu takan karce gilashi.

Aiki ga Ɗalibai

A hura numfashi a kan madubi biyu, ɗaya mai sanyi, ɗaya wanda ya sha rana. A rubuta bambancin da aka gani, a kuma bayyana dalilinsa.