Maganar ƙaninka

Ɗana, matso kusa, maganar ƙaninka ce. Tun da ya zama saurayi mahaifiyarku ta daina yi masa wanka, kuma haka ya dace. Sai dai daga ranar babu wanda ya sake sanin halin da jikinsa ke ciki. Shi kuwa ka san shi, ko ƙaya ta soke shi ba zai faɗa ba, sai ka gan shi yana ɗingishi yana murmushi.

Abin da aka haife shi da shi likitoci na kiransa lalurar Down. Mu igiyoyin gadonmu 46 ne a kowace ƙwayar halitta, nasa 47, an yi masa ƙari a kan ta 21. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Cikin hikimar Allah, yawancin ciwon dajin manya bai cika kama masu wannan lalura ba. Na maraina ne ya fita zakka: ya fi samun su fiye da sauran maza, balle wanda aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba. Kuma ciwon samari ne, tsakanin shekara 15 zuwa 40 ya fi yawa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yawanci ba ya farawa da zafi. Ɗan ƙulli ne mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, ko gefe ɗaya ya kumbura ya yi nauyi. Mu nan Gagarawa sai mu ce gwaiwa ce, a kira wanzami. Don Allah kada ka yarda a yi masa tsaga a wurin.

Sau ɗaya a wata, bayan ya yi wanka da ruwan ɗumi, ku keɓe ku biyu. Ka nemi yardarsa tukuna, namiji ne baligi, yana da mutuncinsa. Nuna masa yadda zai taɓa marainansa da kansa, ka tambaye shi a hankali ko ya ji wani abu ya sauya.

In an kama shi da wuri, fiye da 9 cikin 10 suna warkewa. Ana cire ɗan marainan da ya kamu, ɗayan ya riƙe aikin. A babban asibitin Gumel za ku fara. In likita ya ga alama zai tura ku hoto, daga nan Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Ko ba ka ga komai ba, wannan Alhamis ɗin ka bar wa yara kai awakin kasuwar Maigatari, ka ɗauke shi a babur likita ya duba shi. Kuɗin mai yana wurina.