Mai ginin shago: lissafi kafin jan waya

In an gama girbin hatsi da wake, an kai amfani rumbu, sai masu sana'a su koma kan aikin rani. A ƙaramar hukumar Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi, lokacin buga tubali ke nan. Tela yana son ɗakin ɗinki a ƙofar gida. Mai gyaran rediyo yana son shago. Saurayin da ya komo daga ci-rani yana son wurin cajin salula. Dukansu suna bukatar wuta. Da yawa kuma, don gudun kashe kuɗi, da hannunsu suke jan waya.

Akwai aikin wuta da mutum zai iya yi da kansa in ya bi ƙa'ida. Akwai kuma wanda in ya taɓa shi ba da sani ba, yana iya rasa shagonsa, ko ma ransa. Wannan karatu zai raba tsakanin su biyun.

Wuta iri biyu ce

Ta fari ita ce ta NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, wanda aka kafa a 1968. Ƙarfinta bolt 220 ne. Manyan garuruwa kamar Maraɗi, Tasawa da Mayahi suna da ita. Ƙauyuka da yawa kuwa turakunta ba su iso musu ba.

Ta biyu ita ce wutar rana. Ba baƙuwa ba ce a Nijar. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, daga 1969 zuwa 1985. Ya rasu a 1991, kuma sunansa aka ba jami'ar Yamai. A zamaninsa kayan wutar rana sun fi ƙarfin aljihun talaka. Yau ana sayar da su a kasuwa. Ƙaramin haɗi na wutar rana bolt 12 yake bayarwa. Shi ne mai shago zai iya yi da hannunsa.

Kayan haɗin guda 5 ne:

1. Faifan rana, wanda ƴan kasuwa ke kira pano. Shi ke mai da hasken rana wuta.
2. Batir. Shi ne rumbun wuta, yana ajiye ta domin dare.
3. Regilatar. Ita ce mai gadin batir. Tana hana shi cika fiye da kima, tana hana a kwashe shi ƙarƙaf.
4. Waya. Ita ce hanyar da wuta ke bi.
5. Fizibil. Ƴar siririyar waya ce cikin kwanso. In wuta ta yi yawa, sai ta narke ta yanke hanya kafin gobara ta tashi.

Kalmomi 3 da ya kamata a sani

Wuta cikin waya kamar ruwa ce cikin tiyo. Bolt shi ne ƙarfin turi. Amper shi ne yawan abin da ke gudana. Wat shi ne abin da kowane kaya ke ci. A jikin kaya ana rubuta V domin bolt, A domin amper, W domin wat. Wanda ya iya karanta waɗannan baƙaƙe uku, ba a cutarsa a kasuwa. Ƙa'idar ita ce: a raba wat da bolt, sai a samu amper.

Lissafin shagon tela

Ga misalin tela da ke ɗinki da keken ƙafa, yana kuma caja wa maƙwabta salula. Kafin ya sayi komi, sai ya ɗauki alli da allo. Ya rubuta kowane kaya, da wat ɗinsa, da awoyin da zai yi yana aiki a yini.

Ampul 3, kowane wat 5, awa 4: 3 x 5 x 4 = 60
Fanka 1 mai wat 15, awa 4: 15 x 4 = 60
Rediyo mai wat 5, awa 4: 5 x 4 = 20
Salula 10, kowace tana shan kimanin 10 kafin ta cika: 10 x 10 = 100
Jimla: 60 + 60 + 20 + 100 = 240

Wannan 240 ita ce cimar shagon ta yini ɗaya.

Wane batir zai saya? Sai ya raba jimlar da bolt 12: 240 ÷ 12 = 20. Amma batir mai darma ba a kwashe masa fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Don haka sai ya ninka: 20 x 2 = 40. Batir da aka rubuta wa 50 Ah ya ishe shi. In yana son tanadi domin ranar hadari ko ranar ƙura, sai ya nemi mai 100 Ah. Batir ɗin mota an yi shi ne domin tada inji. In aka sa shi aikin shago kullum, ba ya daɗewa.

Wane pano zai saya? A wannan yanki ana lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Pano mai wat 100 zai bada 100 x 5 = 500. Kimanin kashi ɗaya cikin uku yana ɓacewa saboda zafi, da ƙura, da batir. Saura wajen 330. Tun da 330 ta fi 240, panon ya isa. Regilatar mai amper 10 ta dace da shi.

Me ya sa siririyar waya ke kawo gobara?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sukan ce: wuta ce ƙarama, ko wace waya ma ta yi. Ba haka ba ne. In tela ya kunna kayansa gaba ɗaya, ampul da fanka da rediyo da salula 5, suna cin kimanin wat 60. A raba: 60 ÷ 12 = 5. Amper 5 ke nan. Kaya masu wat 60 a kan wutar gari mai bolt 220 ba su jan ko sulusin amper ɗaya. Ashe wutar batir ta fi bukatar waya mai kauri. In amper ya fi ƙarfin waya, sai ta yi zafi, robarta ta narke. In kusa da zana ne ko yadin ɗinki, shi ke nan.

A jikin ƙunshin waya ana rubuta kaurinta. Domin ampul da fanka, a sayi mai lamba 2,5. Tsakanin batir da regilatar, a sa mai lamba 4, kuma ta zama gajera. Daga regilatar zuwa kaya, kada tsawo ya wuce metir 5, domin doguwar hanya tana cinye wuta.

A kula da wayar jabu. Akwai wadda cikinta sanholo ne, aka shafa mata jan ƙarfe a baya. A kankare bakinta da wuƙa. In cikin ya fito fari, a bar ta ko da ta fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado.

Tun ran gini, ran zane

Aikin wuta yana farawa ne tun kafin yaɓe. Mai shago ya zauna da magini su shata wurin batir, da wurin ampul, da wurin makunni.

A zura waya cikin tiyon roba, sannan a kafa tiyon a bango. Tiyo yana kare ta daga ɓera da damshi. Kada a cusa waya tsirara cikin rufin kara ko na ciyawa. Kada a ratsa ta ta bakin kwano, domin kaifinsa yana yanka roba a hankali duk lokacin da iska ta kaɗa. Kada a kafa ta da ƙusa a jikin azara.

Inda wayoyi biyu suka haɗu, a ɗaure su da mahaɗi mai noti, a rufe cikin ɗan akwatin roba. Murɗa waya da naɗe ta da leda ba haɗi ba ne. Haɗin da ya yi sako-sako shi ke fara zafi.

Batir yana son inuwa da iska. A aza shi bisa katako, cikin akwati mai ramuka, nesa da yara. Batir mai ruwa yana fid da wata iska mai kama wuta lokacin da yake caji. Kada a sha taba kusa da shi, kada a kai fitilar kananzir ko garwashin dutsen guga. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya. Ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata da ido. In ya taɓa mutum, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Pano ya fuskanci kudu. Ga kowane metir 1 na tsawonsa, a ɗaga gefen arewa kimanin santimetir 25. A ɗaure shi tam saboda guguwar farkon damina. Inuwar gawo ko ta bedi, ko a kusurwa ɗaya ta sauka, tana rage wuta ƙwarai. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da tsumma mai laushi, da safe kafin gilashin ya yi zafi.

Yadda ake haɗawa

Jar waya ta alamar + ce. Baƙar waya ta alamar – ce. Ba a musanya su. Kafin a fara, a cire zobe da agogon ƙarfe, domin ƙarfen da ya taɓa kawunan batir biyu a lokaci ɗaya yana iya yin ja wur.

1. A sa fizibil mai amper 10 a kan jar waya, dab da batir.
2. A haɗa batir da regilatar. Shi ne farko kullum.
3. A rufe pano da bargo, a haɗa shi da regilatar, sannan a buɗe.
4. A haɗa ampul da sauran kaya a wurin da aka ware musu a jikin regilatar.
5. A kunna su ɗaya bayan ɗaya. Bayan ƴan mintoci a taɓa bayan waya. In ta yi zafi, a kashe a bincika.

In za a kwance, pano ake fara cirewa, batir ya zo ƙarshe.

In fizibil ya ƙone, aikinsa ya yi. A nemi dalili, sannan a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Wanda ya mai da gurbinsa da ƙusa ko guntun waya, ya kori mai gadi ya bar ƙofa buɗe.

Inda hannun mai shago ya tsaya

Akwai wani akwati da ke mai da bolt 12 zuwa bolt 220. Wutar da ke fita daga cikinsa tana kisa daidai da ta NIGELEC. Haka ma ta janareta. Duk aikin da ya shafi bolt 220, na wanda ya koyi aikin lantarki ne. Shi zai kafa wayar ƙasa mai launin tsanwa da rawaya. Shi zai sa makatsar da ke yanke wuta da kanta in ta fara bin jikin mutum. Jan waya daga turken kamfani ba da izini ba laifi ne, kuma hatsari ne ga unguwa duka.

Ƙaramin haɗi kuma ba ya ɗaukar manyan kaya. Dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1000. Zai shanye rabin batir mai 50 Ah kafin minti 20. Injin walda da injin niƙa sun fi haka ci. Tela ya riƙe dutsen gugarsa na gawayi.

In hatsari ya auku

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar tukuna. In ba hali, a ture wayar da busasshiyar sanda, mai turewa yana tsaye a busasshen wuri. A kai shi gidan likita ko da ya ce ya warke, domin wuta tana taɓa zuciya.

In waya ta kama da wuta, a yanke wutar, a zuba rairayi. Kada a watsa ruwa.

Mataccen batir yana ɗauke da darma, ita kuwa guba ce, musamman ga yara. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a jefa shi kusa da rijiya. A mai da shi wurin masu sayen tsofaffin batura.

Kuɗin fizibil da tiyo da waya mai kyau ba su kai na keken ɗinki ɗaya ba, balle kayan sallar mutane da aka ba tela amana. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin masu karatu

1. Mene ne aikin regilatar? Mene ne aikin fizibil?
2. Me ake fara haɗawa da regilatar, batir ko pano?
3. Yaya ake gane wayar jabu?
4. Me ya sa ba a watsa ruwa ga gobarar lantarki?

Aikin lissafi

Mai gyaran rediyo yana da ampul 2, kowane wat 5, suna aiki awa 5. Yana da fanka mai wat 15, tana aiki awa 6. Yana cajin salula 4 a yini. Nawa ce cimar shagonsa ta yini ɗaya? Batir mai Ah nawa zai ishe shi? Kowa ya yi a allonsa, a gyara tare da malami a zama mai zuwa.