Ninki Uku da Sulusi

Daga cikin hisabin da ya wajaba ga kowane magidanci ya sani, ko rumfa gare shi a Babbar Kasuwar Katsina ko gona a bayan Ƙofar Guga, akwai ninki uku, wato a ajiye adadi ɗaya har sau uku, sa'an nan a tara. Idan tiyar gero tana naira 1,000, aka wayi gari ta koma 3,000, to, ta ninka uku, alhali kuwa abin da aka ɗora a kai 2,000 ne kurum. A nan ne galibi gardama kan kaure tsakanin mai awo da mai saye. Da Turanci ana ce wa wannan “triple”, wani lokaci “treble”, saboda haka wanda ya ci karo da ɗayansu a jarida ko a takardar hukuma, kada ya zaci ƙarin uku ake nufi. Jama'a dai sun ga misalinsa zahiran a 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, har litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 600 kafin Yuli ya fita.

Fannin hisabi kuwa ba baƙo ba ne a birnin Dikko, domin Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi. Ɗauki allo, ko ka share ƙasa da tafin hannu, ka zana gida tara. A layin sama rubuta 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda ka bi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu, wadda ita ce 5 ɗin da ke cibiya an ninka ta uku. In ka sake ninka 15 ɗin uku, ga 45, jimlar gidajen baki ɗaya. A ganina babu darasin da ya fi wannan saurin zama a ka.

Kishiyar ninki uku ita ce sulusi, kashi ɗaya cikin uku, wanda shari'a ta sanya iyaka ga wasiyya. Idan mamaci ya bar naira 90,000 bayan an yi masa sutura an biya bashinsa, wasiyyarsa ba za ta ƙetare 30,000 ba sai da yardar magada. Mai son tabbatarwa sai ya ninka 30,000 ɗin uku, in ta mayar da shi ga 90,000, to, rabon ya inganta.