Haƙƙin Dabba a Wuyan Mai Ita

Tamanhint ƙaramin gari ne a ƙasar Fazzan, kudancin Libiya, kimanin kilomita 30 daga Sabha. Mutanenmu 'yan ci-rani suna aikin gona da kiwo a wannan yanki, kuma Sabha matattara ce ta tumaki da raƙuma da ake kawowa daga Nijar, ta Agadas da Dirku da Gatrun. A da, madugu kan lallaɓa raƙumansa a wannan hamada, domin in sun faɗi shi ma ya halaka. Yau mota ke ɗauko su, sai tausayin ya ragu.

Jama'a, mu fara rarrabewa. Ba duk zafin da dabba ta ji ne zalunci ba. Yanka rago don ci halal ne, haka huɗa da sa, haka ɗora wa jaki mangala. Zalunci shi ne wahalar da babu dalilinta, ko wadda ta zarce bukata. Ku dubi tumakin da aka cusa a bayan babbar mota har babu wurin juyawa, ana zafin bazara, a kwana a yini ba ruwa. Wadda ta durƙusa sai 'yan'uwanta su tattake ta, in an isa a jawo ta da ƙafa a yar. Ku ɗaga akumarin jakin mai ɗiban ruwa ku gani: miki ne ɗanye, ƙudaje na bi, gobe kuma a sake ɗaura kaya a kansa. Mai shi bai doke shi ba, amma ya zalunce shi. Yawancin zaluncin da ake wa dabba sakaci ne, ba duka ba.

Mutanen Fazzan Malikawa ne kamar mu, kuma malamai ba su bar wannan magana a buɗe ba. A Muhtasar na Shehu Halil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya. In ya ƙi, ko ya riƙa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai a sayar da ita. Ko nono ba a tatsa har ɗanta ya cutu. Hadisi kuwa ya hana yi wa dabba lalas a fuska, ya yi umarnin wasa wuƙa kafin yanka, ya kuma ba da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle.

To, yaushe ne hukunci? A ganina, wanda jahilci ko talauci ya sa shi, nasiha ta fi masa. A nuna masa maganin miki, a ce ya hutar da jakin. Amma wanda aka gargaɗa ya sake, da mai azabtar da dabba don nishaɗi, da ɗan kasuwar da ya lissafa cewa mutuwar 'yan tumaki ta fi masa araha da ƙarin mota, waɗannan sai alƙali. Tarar kuma ta zama mai ciwo. Amma ga misali, sashe na 495 na dokar laifuffuka ta kudancin Nijeriya ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50, kuɗin da yau ba ya sayen damin harawa. Kafin gwamnati ta gyara wannan, sarkin kara da sarkin fawa da shugabannin direbobi suna da ikon hana lodi, su kuma kori mai taurin kai daga kasuwa.