Yadda Ake Girka Murhun Ɗumi na Gas a Motar Tafi-da-Gidanka

A ƙasashen Amurka da Kanada, inda sanyin hunturu kan daskarar da ruwa a cikin bututu har ya fasa shi, akwai jama'a masu yawa da suka mayar da mota mazauni, a cikinta suke kwana, su yi girki, su yi wanka, wasu don yawon 'yan makonni, wasu kuwa, musamman dattawan da suka ajiye aiki, don ba su da wani gida sai ita. Galibin waɗannan motoci a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa, kuma kusan kowacce takan fito da murhun ɗumi mai aiki da gas, ko na kamfanin Suburban, ko na Atwood wanda Dometic ya saye a 2014. Amma da yake murhu yakan tsufa, da yake kuma mutane da dama yanzu suna sayen motar kaya fanko su gyara ta da hannunsu ta zama ɗaki, sanin yadda ake girka shi ya zama ilmi mai fa'ida, wanda ganganci a cikinsa yakan ci rai.

Asalin mas'alar duka, wanda in mutum ya fahimce shi sauran sai su zo masa da sauƙi, shi ne cewa iska biyu ce ke ratsa murhun, kuma haramun ne su gauraya. Ta farko ita ce wadda wuta ke ci: daga waje ake zuƙo ta, ta shiga wani rufaffen akwatin ƙarfe inda gas ke ƙonewa, sa'an nan ta koma waje ɗauke da hayaƙinta. Ta biyu ita ce iskar ɗaki wadda mutane ke shaƙa: fanka ce ke jawo ta, ta bi ta bayan wannan akwati mai zafi, ta ɗauki ɗuminsa, ta bazu cikin mota. Duk wanda ya san yadda hayaƙin janareta, ko kaskon gawayi da aka kwana da shi a rufaffen ɗaki, ke halaka iyali suna barci, ya san dalilin wannan tsanani, domin gubar ɗaya ce, wato kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ɗakin mota kuwa ɗan ƙanƙane ne, ba ya jure ko kaɗan daga gare ta.

Kafin a taɓa zarto sai a zaɓi murhun da ya dace da girman motar. Da ma'aunin BTU ake faɗin ƙarfinsa, ƙanana suna wajen 16,000 a awa, manya kuwa suna kai 40,000. Wasu suna zaton babba ya fi alheri ko yaya, alhali kuwa murhun da ya fi ƙarfin ɗaki sai ya riƙa kamawa yana mutuwa a kai a kai, yana cin batir a banza. Ya kamata kuma a yi lissafin guzuri tun da wuri, gama tukunyar gas mai laba 20, wato kimanin kilo 9, tana ɗauke da abin da ya kai BTU 430,000, saboda haka murhu mai 30,000 zai shanye ta cikin awa 14 ko kusa da haka in yana ci ba hutawa. Gas ɗin kuwa furofen ne, domin shi yana tashi ya zama iska har sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri, alhali biyuten yakan kwanta a tukunya da zarar an kusa daskarewar ruwa, daidai lokacin da ake bukatarsa.

Zaɓen wuri shi ne matakin da ya fi cancantar a yi masa dogon nazari, domin ramin da aka yanka a jikin mota ba ya komawa. Wajibi ne murhun ya jingina da bangon waje, ko ya kusance shi gwargwadon tsawon bututun hayaƙin da ya zo da shi, yawanci a ƙarƙashin firji, ko kujera, ko kabad ɗin kicin. Sai mai aiki ya fita ya tsaya a waje ya dubi inda bakin hayaƙin zai faɗo, ya tambayi kansa: akwai taga a samansa wadda ake buɗewa? Ƙofa in an wangale ta za ta rufe shi? In motar tana da sashen ɗaki da ake turowa waje idan an yi zango, zai yi masa rumfa? In amsar ɗaya daga cikinsu i ce, wurin bai inganta ba, komai kyansa daga ciki. Littafin da maƙeran murhu suka haɗo da shi yana faɗin tazarar da za a bari ta kowane gefe, da faɗin kafar da iskar ɗaki za ta komo masa ta ciki, kuma ni a ganina wannan littafi shi ne hujja, ba a fifita ra'ayin kowa a kansa. A Amurka ma akwai ƙa'idar da ake kira NFPA 1192, wadda masu ƙera motocin ke bi a sha'anin gas da wuta.

In an tabbatar da wuri, sai a rufe tukunyar gas, a kunna rishon girki har ragowar da ke cikin bututu ta ƙone, a cire wayar batir, a zare motar daga lantarkin waje. Daga nan a manna takardar awo a bango, a huda ɗan ƙaramin rami daga ciki, a zura waya a laluba ko akwai igiyar lantarki, ko bututun ruwa, ko ƙarfen da ke riƙe da gangar motar a ɓoye, sa'an nan a yanka daga waje bayan an lulluɓe fenti da tef don kada zarto ya karce shi. Sai a tura murhun mazauninsa, a ɗaure shi da sukurori a daɓen motar ɗauri mai ƙarfi, domin abu ne da zai sha girgizar hanya shekara da shekaru.

Haɗa bakin hayaƙi kuwa a nan ne amanar take. Bututun da ke fitowa daga murfin waje dole ya shige na murhun, su hau juna gwargwadon da littafi ya faɗa. In bango ya yi kauri har suka gaza haɗuwa sosai, sai a sayo mai tsawo daga maƙeransa, ba a ƙara shi da guntun gwangwani, ba a kuma cike giɓin da danƙo. A bayan murfin ake shimfiɗa danƙon butil zagaye, a ɗaure sukurori bi da bi har a ga danƙon ya ɗan tsattsafo ta kowane gefe, a yanke abin da ya fito, don kada ruwan sama ya sami hanyar shiga bango ya ruɓar da katako.

Bututun da ke rarraba ɗumi, masu faɗin inci 4, ba su da wuya: a miƙe su, a rage lanƙwasa, kada a bar ɗaya a matse a bayan kabad, kada kuma a buɗe ƙasa da adadin da aka shar'anta, don in zafi ya rasa mafita sai ya taru a jikin murhun.

Sai jan gas. A Amurka da bututun jan ƙarfe mai inci 3/8 ake kai shi, a buɗa bakinsa da abin buɗawa har ya yi kamar bakin kakaki, bayan an riga an zura noti, sa'an nan a ɗaure da sifana biyu, ɗaya tana riƙe da bawul ɗin murhu don kada ya murɗe, ɗaya tana juya noti. Ba a naɗa tef a irin wannan mahaɗi, ba a shafa masa komai, domin ƙarfe da ƙarfe ne ke toshe shi, kuma ɗan ɓarɓashin tef in ya shige ciki yana iya hana bawul rufuwa. Duk inda bututu ya ratsa daɓe ko ƙarfe sai a sa masa zoben roba, a kuma kafe shi da maɗauri don kada gogayya ta huda shi. Wanda bai taɓa wannan aiki ba, abin da ya fi masa shi ne ya yi sauran da kansa ya bar wannan ga gwanin da ke da shaidar aikin gas, kuma babu kunya a cikin haka.

Lantarkin murhun volt 12 ne daga batir, ta hanyar fiyus. Sai dai a kula, a motocin tafi-da-gidanka na Amurka sau da yawa baƙar waya ce mai wuta, fara ce ta ƙasa, saɓanin abin da makanikin mota ya saba, don haka da mita ake tantancewa, ba da launi ba, gama juya su yana iya ƙona allon lantarkin da ke sarrafa murhun. Ma'aunin zafi kuwa, wato na'urar da ke auna zafin ɗaki ta ba murhu umarni, a bangon ciki ake kafa shi, nesa da taga da bakin ɗumi.

Bayan haka sai gwaji, wanda ba a tsallake shi ko da dare ya yi. A buɗe tukunya sannu a hankali, a shafa ruwan kumfa a kowane mahaɗi, a tsaya a zuba ido, domin ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa nan take, sai bayan ɗan lokaci a ga ƙananan ƙwayoyin kumfa suna taruwa a gindin noti suna kumbura. Sabulun da ke da amoniya ba ya halatta a nan, don yana cin tagulla, ashana kuwa ko kusa. Gwanaye sukan ƙara da ma'aunin ruwa, wato lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki: su tabbatar regileta tana ba da ƙarfin da zai ɗaga ruwa inci 11, sa'an nan su rufe tukunya, su rage ƙarfin zuwa inci 8, su jira minti 3, in ruwan ya sauka, akwai yoyo a wani wuri, kuma ba a kunna komai sai an gano shi.

Idan duk wannan ya inganta, sai a buɗe tagogi a ɗaga ma'aunin zafi, a kasa kunne, domin murhun yana da tartibi wanda ba ya saɓawa. Fanka ce ke fara tashi ita kaɗai na wasu daƙiƙoƙi, tana share duk gas da ya yiwu ya taru a akwatin wuta. Iskarta tana tura wani ɗan filafilin ƙarfe mai makunni, kuma sai ya rufu allon sarrafawa ke yarda ya buɗe bawul. Hikimar wannan ita ce kada a saki gas alhali babu iskar da za ta fitar da hayaƙi, kuma shi ne sababin da ya sa murhu ke hura sanyi kawai idan batir ya yi rauni. Daga nan a ji ƙyas-ƙyas na tartsatsi, sai wuta ta kama da ɗan gurnani. In ba ta kama ba, galibin alluna sukan gwada sau uku su kulle, abin da kan faru a karon farko saboda iskar da ta rage a bututu, maganinsa kuwa a kunna risho har wutarsa ta daidaita, a kashe ma'aunin zafi a sake ɗagawa. Wari da ɗan hayaƙin da ake ji a kunnawar farko man masana'anta ne ke ƙonewa, yakan wuce. Harshen wutar shuɗi ake so. Ja ko rawaya mai baƙin toka a bakin hayaƙi alama ce ta ƙarancin iska, sai a kashe a bincika.

Ba a kwana a motar sai an kafa na'urorin gargaɗi biyu: ta furofen a ƙasa kusa da daɓe, domin ya fi iska nauyi, gangarowa yake ya kwanta, da ta kabon monoksaid kusa da wurin barci. Kowace shekara kuma, kafin sanyi ya shigo, sai a leƙa bakin hayaƙin da tocila, saboda zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki lokacin zafi, har ya toshe hanyar iska ko ya riƙe fanka. Wasu sukan sa raga don tsare shi, amma maƙeran murhu suna gargaɗi a kan duk abin da zai rage iskar da ke shiga da fita, saboda haka abin da ya fi aminci shi ne a rufe bakin in an ajiye mota, a buɗe shi a share kafin a sake kunnawa.